Taku Uku Zuwa Dama

Talata Mafara,
Litinin, 6 ga Safar.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanena Muttaka, mai shagon hoto a Bakura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nazifa da yara. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Tunda aka ɗauke sabis ɗin waya a jihar nan na koma biro da takarda. Ka yi haƙuri da bokona, ka san a allo hannuna ya fi zama. Ɗantala direba ne zai kawo maka wannan, tare da memorin wayata a naɗe cikin ƙyalle.

Na je Damaga na dawo lafiya, alhamdu lillahi. A Maradun na kwana, da safe muka bi ayarin motocin da ake yi wa rakiya. Babu wanda ya yi magana a cikin motar sai da muka hango masallacin garinmu. Na kai wa Goggo Lantana maganinta. Ta rame, amma bakin yana nan. Na sake roƙonta ta biyo ni Mafara, sai ta ce, "Jibo ya gudu, ke kuma kin zo kwashe saura? Ni nan za a binne ni." Ka san ita kaɗai ke kiran Baba da sunansa.

Shekara biyu ke nan tun da muka fito da Baba daga garin nan saboda mutanen daji, kuma shekara biyu yana roƙon a nuna masa gidansa ko a hoto ne. To, na ɗauko. Ban iya ba, amma na yi abin da zan iya, kuma na kiyaye abin da ya kamata a kiyaye wajen ɗaukar masu rai.

Sai dai Muttaka, ka duba su kai kaɗai kafin ka nuna masa. Abin da aka gaya mana bara muka ɓoye masa gaskiya ne, har ya fi haka. Zaure yana nan, tsamiyar ƙofar gida tana nan. Amma daga rijiya zuwa baya wuta ta cinye. Rumbuna ukun sun zama baƙin tudu. Rufin ɗakin marigayiya Inna ya rufta ciki. Ɗakin littattafan Baba babu ƙyaure, babu ko warƙa ɗaya a ciki. Na tsaya a tsakar gidan da aka haife mu na rasa inda alƙibla take.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'arsa.

Wassalam, yayarka,
Husaina.

*

Bakura,
Alhamis, 9 ga Safar (da lissafinki).

Yaya Husaina, salamu alaikum.

Ina gajiyar hanya? Muna lafiya, Nazifa na gaishe ki. Saƙo ya iso, kuma Yaya, don Allah kada ki gaya wa kowa a Mafara cewa ƙanenki mai hoto ne, za ki kashe mini kasuwa.

Hoto arba'in da ɗaya kika aiko. Tara yatsanki ne. Bakwai kujerar mota da ƙeyar direba. Na cikin gidan na ware su na ɓoye, ko da yake sun yi duhu har ba a gane abin da ya ƙone da abin da bai ƙone ba. Sai na ce bari in faranta wa Baba rai da na Goggo. Kuskurena ban duba da kyau ba. Na miƙa masa waya, ya sa tabarau, ya kawo ta kusa da ido. Ya ce, "Innalillahi! Mi sunka yi wa Lantana?"

Yaya, babu kai! Goggo zaune kan tabarma, ga zane, ga hannu, ga carbi, daga wuya zuwa sama babu. Haka maƙwabta, haka liman, duk garin Damaga kin sare musu kawuna. A wannan zamani da muke ciki, kin san abin da mutum zai fara kawowa a ransa. Sai da na rantse masa sau uku Goggo na da rai. Sannan ya ce, "Aikin Husaina na wanga. Ni na karantar da ita cewa surar mai rai sai an raba ta da kai." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce in gaya miki shi malaminki ya ba ki izini, lalura ce, yana son ganin idon 'yar'uwarsa.

In za ki koma, ga karatu, yau ni ne malam. Kafin komai ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, na ga alamar man girki a duk hotunan. Ki sa rana a bayanki, kada ki fuskance ta, shi ya sa zaure ya fito kamar kogo. Ki ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana tsaka tana ƙona hoto. Ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi kamar za ki zura zare a allura, sannan ki taɓa. Kada ki jawo abu da yatsu, ki taka da ƙafa ki je kusa. In mutum na zaune, ke ma ki durƙusa. A mota kuwa ki bar wayar cikin jaka. Hoton ba ya kyau, kuma in an gan ki kina ɗauka a hanya ko a shingen bincike, za a ce ke infoma ce, ba wanda zai tsaya jin cewa malamar Islamiyya ce.

Saura babba. Hoto bakinsa huɗu ne. Abin da ya shiga ke kika sa shi, abin da bai shiga ba ke kika bar shi. Ki tsaya a gindin tsamiya ki yi taku uku zuwa dama, zaure zai rufe bayan gidan gaba ɗaya. Na san me za ki ce. Amma Baba ba ya cin abinci, Yaya. Cokali uku na kunu ya ture kofi. Likita ya ce a kiyaye abin da zai tayar masa da hankali. Ki kawo masa abin da zai sa ya ci tuwo.

Naki,
Muttaka.

*

Talata Mafara,
Asabar, 25 ga Safar.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙanena Muttaka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gida, ina iyali, yaya ƙarfin jikin Baba? Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa.

Na karanta takardarka na yi kuka saboda firgitar da na jawo wa Baba. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ka ce ya yafe mini.

Na koma Damaga ranar Talata, na kwana biyu wajen Goggo. Ga memori nan, za ka gani ko ɗalibarka ta yi ƙoƙari. Na goge ido, na sa rana a baya, na riƙe numfashi har na ji jiri. Da na ce wa Goggo Baba ne ya ce a ɗauke ta da kai, sai ta tashi ta ɗauro sabon kallabi ta sa kwalli. Ta ce, "Ɗauke ni da kyau, Jibo shi ga ban mutu ba, shi ji kunya." Na durƙusa kamar yadda ka ce. Da na duba, har farin gashin girarta ya fito. Ban san hoto na iya haka ba.

Da hantsin Laraba na je gida. Damina ta yi aikinta, yaɗon kabewa ya haye katanga, har da furanni. Na tsaya a gindin tsamiya. Daga nan ana ganin baƙin rumbuna ta gefen zaure. Na yi taku ɗaya, ana gani. Na yi biyu, saura kaɗan. Da na yi na uku, sai ga gidanmu kamar yadda yake ranar da aka kai ni ɗakin miji. Hasken safiya a jikin zaure, inuwar tsamiya a dakalin da Baba ke ba da karatu. Na taɓa.

Goggo na bayana da sandarta, ban sani ba. Ta ce, "Mi kike kaucewa, kamar mai tsallake kashin kaji?" Na ce haske nake nema. Ta leƙa wayar ta daɗe, ta ce, "Kin bar rumbuna waje." Na mayar da wayar cikin jaka. Ta ce, "Jibo hwa ba yaro ba na." Ta juya ta tafi.

Na ɗauki gonarsa ta bakin gari, wadda maƙwabcinmu Sufyanu ya shuka wa dawa. Ta yi kai sosai. Amma ita kaɗai ce, Muttaka. Duk gonakin da ke bayanta ciyawa ce har wuya, ba mai iya zuwa. Ita ma wannan, Sufyanu ya ce bai san ko za a bar shi ya yanka ba. Na durƙusa na ɗauka daga ƙasa, dawar ta rufe komai sai sama. Ina cikin haka wani mutum da ban sani ba ya tsaya kan babur ya ce wa nake ɗaukar wa. Sai da Sufyanu ya rugo ya ce ɗiyar Malam Jibo ce, sannan ya wuce yana waiwaye.

Ga abin da ke damuna. Babu komai a cikin hotunan nan da ba ya nan a Damaga, na sani. Amma in an kira ni shaida aka ce yaya gidan Malam Jibo yake, na ce zaure lafiya lau na yi shiru, me sunan wannan? Na yi ta juya shi a raina ban sami inda zan ajiye shi ba. Na aiko ne saboda maganar tuwon. Allah Ya yafe mana in mun yi kuskure.

Wassalam, yayarka,
Husaina.

*

Bakura,
Juma'a, 8 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya, salamu alaikum, ina wuni, ina ɗalibai?

Ki zo in ba ki aiki a shago! Wallahi hoton zaure ko ni sai haka. Na wanke shi babba, na sa a gilashi, na rataye a ɗakin Baba daidai inda yake kwanciya. Na Goggo kuwa ya riƙe shi a hannu yana yi mata faɗa kamar tana ji: "Dubi kwalli, tsohuwa da ke!"

Ranar ya ci malmala biyu da miyar kuka, ya nemi ƙari. Nazifa ta fito daga ɗakin tana share hawaye. Yanzu da kansa yake takawa masallaci. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ja shi gaban hoton: ga dakalina, ga tsamiyar da kakana ya dasa. To ina laifi a nan? Ki daina wahalar da kanki da maganar shaida, ba kotu muke ba. Duk mai hoto a duniya haka yake yi. Amarya mai ƙurji a kunci, ta ɗaya gefen ake ɗaukarta, ba wanda ya taɓa cewa an yi ƙarya.

Abu ɗaya ne dai. Shekaranjiya ya ce in kai takalmansa na fata a gyara. Jiya kuma yana duban hoton gona ya ce, "Wagga dawa saura kwana ashirin a yanke ta. Ashe gari ya zauna, ku kuna nan kuna tsorata ni." Na ce Baba ai sai a hankali. Ya ce ba mai yanke masa dawa yana kwance a garin mutane. Na mayar da abin wasa. Maganar tsofaffi ce, za ta wuce.

Ki gaida maigidanki Malam da yara.

Naki,
Muttaka.

*

Bakura,
Talata da hantsi.

Yaya,

Baba ya tafi. Ya fita sallar asuba bai dawo ba. Babu jakarsa, babu takalman, ya cire hoton zaure daga gilashi ya tafi da shi. A tasha sun ce ya shiga motar farko, ya ce Maradun za shi. Na ba Ɗantala wannan ya kawo miki hannu da hannu. Kin fi ni kusa, kuma ni in na je ba zai saurare ni ba, tun jiya ba ya amsa mini magana don na ce hanya ba kyau. Ki tare shi kafin ayarin Damaga ya tashi. Ko maganinsa bai ɗauka ba, ga shi nan cikin leda.

Yaya, ki yafe mini.

Muttaka.

*

Maradun,
Laraba, 13 ga Rabi'ul Awwal.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Muttaka, assalamu alaikum. Ka kwantar da hankalinka, na same shi, yana lafiya, ya sha maganinsa. Yana gidan tsohon abokinsa Alhaji Gajere, bayan tasha. Ayari sai gobe Alhamis.

Na iske su a zaure bayan la'asar, ya baje hoton a kan buzu, ya danne gefunansa da carbi da tabarau, yana nuna wa Alhaji. Na durƙusa na gaishe su. Fuskarsa ta cika, Muttaka, rabon da in gan shi haka tun Inna na da rai. Alhaji Gajere yana ta yi mini ido. Ya ce, "Malam, na gaya maka labarin da muke ji daga can ba shi da daɗi." Baba ya ce, "Kai ji kake, ni gani na yi. Wa ya ɗauko wanga? Husaina. Tambayi duk Damaga, tun tana ƙarama ko goro ta ɗauka sai ta faɗi. Da Muttaka na, sai in ce ya yi dabararsu ta masu hoto. Amma Husaina ba ta yi mini ƙarya."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Alhaji ya tashi ya ba mu wuri.

Na ce, "Baba, akwai abin da bai shiga hoton ba." Na sa yatsa a gefen takardar, inda zaure ya ƙare, na fara daga nan. Na faɗi rumbuna. Na faɗi ɗakin Inna. Na faɗi gonakin da suka koma daji, da mutumin babur. Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ce, "Littattafai hwa?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "Har Alƙur'anin da babana ya rubuta da hannunsa?" Na ce har shi.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Daga gindin tsamiya ana ganin rumbuna. Shekara sittin ina zama wurin. Na lura ba su fito ba, na ce ko idona na. Wa ya ce ki matsa?" Na ce, "Ƙafata ce ta matsa, Baba." Ya ce, "Taku nawa?" Na ce uku. Ya gyaɗa kai. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce to yanzu da ya ji, mu koma Mafara gobe, ya huta a wajena. Ya naɗe hoton a hankali ya sa a jaka. Ya ce, "Da kun gaya mini bara, da na yi kukana a Bakura na haƙura. Kun bari na ci tuwo a kan gidan da babu. Yanzu na ji na bakinki, na ga na hannunki, sun saɓa. Sai na gani da idona." Na roƙe shi da girman Allah, na kawo maganar jikinsa, na kawo maganar hanya. Alhaji ya dawo ya sa baki. Baba ya ce mana Lantana mace ce tana can, shi me zai ce wa Allah.

Ba zan iya ɗaure mahaifina ba, Muttaka, kuma ba zan bar shi ya shiga motar nan shi kaɗai ba. Na aika wa maigidana ya ba ni izini. Gobe zan bi shi. Niyyata ya gani mu juyo tare ranar Asabar. Kada ka zo, kai namiji ne matashi, kai suka fi nema a hanya. Ku yi mana addu'a, kai da Nazifa. Maganar yafiya kuwa, mu biyu muka yi, babu mai bin wani.

Wassalam, yayarka,
Husaina.

*

Talata Mafara,
Lahadi, 17 ga Rabi'ul Awwal.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Muttaka, assalamu alaikum. Na dawo jiya, ni kaɗai.

Da muka isa Damaga, Baba ya zaga gidan duka da sandarsa. Ya shiga ɗakin Inna ya daɗe. Da ya fito ya ce a ba shi tsintsiya, ya share zaure da kansa, ya shimfiɗa buzu. Goggo ce ke aiko masa da abinci, suna ta faɗa. Ya ce sai an yanke dawa zai yi maganar dawowa. Ban yarda zai dawo ba. Na bar wa Sufyanu maganinsa na wata ɗaya.

Da safen da zan taho ya ce in ɗauke shi hoto. Ya je ya tsaya a gaban rumbunan. Rana tana bayansa, na ce Baba zai yi duhu, mu juya. Ya ce a nan yake so. Ya ce in ja da baya. Na ja. Ya ce in ƙara. Na yi ta ja har bayana ya taɓa katanga, komai ya shiga, shi kuma ya zama ɗan ƙarami a tsakiya.

Hoton nan kaɗai ne a memorin. Fuskarsa ba ta fito sosai ba. Ya ce ka wanke shi babba ka sa a gilashin da ya bari. Kada ka gyara komai.

Allah Ya tsare shi, Ya tsare mu.

Wassalam,
Husaina.